Hannun Mai Takaba a Bakin Tarko

Shekara ta zagayo da rasuwar Marlys, har ta fara ɗora makonni a kai, amma mijinta Orval bai koma taɓa kifi ba. Dokar mutanen kogi ce, kuma ba ta ware mace ko namiji ba. Duk wanda ya rasa abokin zamansa takaba ta hau kansa: ba ya kama kifi, ba ya riƙe homa, ba ya cin sabon kamu sai busasshe, har ranar da dangin mamacin za su tara jama'a a dogon zaure, a raba kayan mamaci kakaf, a tuɓe wa mai takaba baƙar riga a sa masa sabuwa. Tsofaffi sun ce kifi yana jin hannun da mutuwa ke manne da shi, in ya ji kuwa, baɗi ba zai hauro ba.

Orval mutum ne mai karatu. Ya san madatsun da gwamnati ta jera a kan kogin Kolumbiya ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da injinansu ke yi wa 'ya'yan kifi, ya kuma san cewa in ana neman hannun da ya kori kifi daga kogin nan, ba da hannun gwauraye za a fara ba. Ya sha faɗin haka a gaban mutane. Duk da haka hannuwansa suna aljihu.

Damuwar ita ce kifi shi ne aikinsa. Tun yana da baƙin gashi yake aiki a tarkon da hukumar kifi ta ƙabilarsu ta kafa a wani ƙaramin kogi mai gangarowa daga duwatsu. Duk kifin da ya baro teku yana neman inda aka ƙyanƙyashe shi, salmon ne ko ɗan'uwansa stilhed, dole ya bi matakalar ruwa ya faɗa kejin ƙarfe. Daga nan a kwaso shi da homa, a tsoma shi a bahon maganin barci. In ya yi laushi a shimfiɗa shi a allon awo, daga hanci zuwa tsagar wutsiya. A duba ɗan fiffiken naman da ke bayansa: in yankakke ne, ɗan gidan ƙyanƙyasa ne, in yana nan, haifaffen kogi ne. Sai a sa hantsaki a ciro ɓawo kaɗan, a mayar da shi kwamin farfaɗowa, a riƙe shi fuskarsa na kallon ruwa har ya fizge da kansa. Da haka ake sanin ko kifin bana ya kai na bara girma, da kuma ko tsofaffin cikinsu suna ƙarewa. Suna ƙarewar kuwa. A zamanin da Orval ya fara, akwai salmon da sai mutum biyu ke ɗaga shi. Yanzu in mai ɗan kauri ya shigo, sai ka ga an zaro waya ana hoto.

Da aka yi rasuwar, shugabarsu Corinne ta mayar da shi wani ɗan ɗaki a saman tudu, inda ake karanta shekarun kifi. Ana danne ɓawon a jikin farantin roba mai zafi, zanensa ya fito, sai a sa robar a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. Kafin ya karɓi aikin sai da aka kai maganar gaban Lavina, yayar Marlys, wadda sakinsa daga takaba ke hannunta. Ta juya farantin, ta shinshina, ta ce roba ba kifi ba ce. Shi ne kaɗai hukuncinta da Orval ya taɓa yarda da shi ba gardama.

Ta tagar ɗakin yana hango tarkon, yana kuma hango Dewey, ɗan kawunsa kuma taubashinsa, tsaye a inda shi ya saba tsayawa.

"Mahauci," in ji Orval, ranar da Dewey ya hauro masa da farantan makon, "zo ka ga aikinka."

"Me kuma na yi, Farfesa?"

"Leƙa."

Dewey ya sunkuya ya leƙa da ido ɗaya. "Na ga zobe-zobe. Kamar kututturen itace."

"Tsakiyar fa?"

"Fayau."

"Fayau ɗin nan shi ne tarihin kifin. Ɓawon da ya taɓa zubewa ya sake tsirowa ka ciro. Ba ya tuna komai, kamar kai. Sau nawa zan gaya maka? Sama da layin gefe kaɗan, bayan ƙayar baya. Ka zaɓa. Kai kuwa sai ka kafta kamar mai figar kaza."

"Kifin yana zillo, ruwa na shiga min takalmi, kai kana nan kana shan kofi kamar alƙali. In ka iya, sauko ka ciro."

"Ka san ba zan iya ba."

"Na san ba ka so dai." Dewey ya ɗauki kofin Orval ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Kai, ko sukari ma takabar ta hana ka?"

Gaskiyar da kowa ya sani a garin, har da masu yi kamar ba su sani ba, ita ce Lavina a shirye take tun watan Agusta. Orval ne ke ja da baya. Bai musa dokar ba, rabon kayan ne ya tsaya masa a wuya. Marlys ta daɗe a kwance. Shi ya juya ta, shi ya wanke ta, shi ya koyi girki yana da furfura. Danginta kuwa, masu yawan da in sun taru dogon zaure ba ya ɗaukarsu, suka zama masu gaisuwa ta waya. Wani motarsa ta lalace, wata jikanta na ƙwallo. To waɗannan ne za su jeru, a kira sunayensu, shi Orval ya miƙa musu mayafan Marlys da jakunkunan da ta yi wa ado da duwatsu da keken ɗinkinta, su rungume shi suna hawaye. Yakan zauna da yamma a cikin kayan, littafi a buɗe a cinyarsa, yana tsara wanda zai ce wa me. A cikin kansa kullum shi ke cin nasara.

A farkon Satumba Corinne ta shigo ɗakin, ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba yi ba.

"Baba Orval, ɗalibar da ke taya Dewey ta koma makaranta. Ka san ƙa'ida, mutum biyu ne a bakin tarko. Ni ce ta biyun yanzu, ga kuma aikin ofis yana jirana."

"Na gani. Hannunki ya fi nasa."

"Ba yabo na zo nema ba. Manyan stilhed sun fara shigowa. In har ba za ka dawo ba kafin su wuce, dole in ɗauko wani, kuma wanda zan ɗauko ba zai zo don wata ɗaya ba. Wurin zai zama nasa."

"Wurina."

"Wurinka. Shi ya sa na rufe ƙofa."

Ya mayar da idonsa kan madubi. "Ana shiri," ya ce.

"Inna Lavina ta ce min ita ta gama nata."

"Ashe har ofis take zuwa yanzu."

"A kanti muka haɗu. Gaban kowa ta faɗa."

Da ta fita, ya daɗe yana kallon ɓawo ɗaya. Zobban tsakiya matsattsu, shekarun ƙuruciya a kogi inda abinci ya yi kaɗan. Sai faffaɗan zobba, teku ke nan, da yalwarta. Inda suka sake matsewa, lokacin sanyi ne. Ya ƙirga, ya rubuta, ya ɗauko na gaba. Ya gaya wa kansa cewa aikin ɗakin ma aiki ne, kuma ba a jiƙewa.

Ranar da abin ya faru, an tashi da zafi. Ƙa'idar tarko ita ce in ruwa ya yi ɗumi ya kai wani mizani, a daina awo, don kifin da aka sa wa maganin barci a ruwan ɗumi ba kasafai yake tashi ba. Kejin kuwa ya kwana cike. Corinne ta aiko a kira Orval ya zo ya riƙe musu rubutu, su biyu su yi ta hannu, ko a gama kafin rana ta ɗaga. Rubutu ba taɓa kifi ba ne. Ya sauko, ya tsaya a gefen allon awo, ya ja baya kaɗan yadda ko feshin ruwa ba zai same shi sosai ba.

Aiki ya yi ta tafiya. Dewey na kiran tsawo, Orval na rubutawa yana gyara masa.

"Saba'in da huɗu."

"Hancin bai taɓa katako ba."

"Saba'in da uku to. Allah ya haɗa ka da mai irin halinka."

"Ya haɗa ni. Kai ne."

Can sai ruwan matakala ya ragu. Wani gungume ya gangaro ya tokare bakin shingen tarkon daga sama. Corinne ta ɗauki sanda mai ƙugiya ta ce su dakata har ta dawo, ta bi gefen kogi ta ɓace a bayan itatuwa. Dewey ya dubi ma'aunin zafi, ya dubi kejin.

"Ta ce a dakata," in ji Orval.

"Ruwan ba zai dakata ba. Ɗaya kawai. Dubi waccan."

Orval ya riga ya gan ta. Stilhed ce, mace, doguwa, da jan zane a gefenta kamar an shafa mata da yatsa. Fiffiken bayanta yana nan. Haifaffiyar kogi. Dewey ya kwaso ta da ƙyar, ya sauke ta a bahon magani, ta buga sau biyu ta fara lanƙwasa. Ya ɗaga ta ya auna, ya kira tsawo da murya irin ta mai shela, ya mayar da ita bahon don ya ɗauko hantsakin da ya faɗi ƙasa. A nan ne ƙafarsa ta zame a kan jiƙaƙƙen siminti. Ya miƙa hannu zai dafa ƙarfen keji, jikinsa ya tafi, hannun ya tsaya. Orval ya ji ƙarar kafaɗar kamar an ɓalle reshe.

Dewey ya zube yana nishi, hannun dama na reto.

"Kar ka motsa," in ji Orval, ya durƙusa a kansa.

"Rabu da ni! Kifin, Orval. Tana cikin magani."

Orval ya juya. Ta riga ta kife, farin cikinta a sama. Kumatunta na buɗewa suna rufewa a hankali. Ya san aikin da ke gabansa kamar yadda ya san hanyar gidansa: hannu ɗaya a wutsiya, ɗaya a ƙarƙashin ciki, a ɗaga, a juya, a sauke a kwami. Yaro ma zai iya.

Ya ƙwala wa Corinne kira. Ƙarar ruwa ta haɗiye muryarsa.

"Ɗauke ta!" in ji Dewey. "Ɗauke ta mana, don Allah!"

Orval ya zaro hannuwansa, ya kai su bakin bahon. Suka tsaya a nan. Duk littattafan da ya karanta suna goyon bayansa, ba ɗaya da ya ce kada ya ɗauka. Amma ya tuna tsofaffin matan da ke jera abinci a dogon zaure ranar bikin kifin farko na shekara, ya tuna Marlys a cikinsu, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa yi masa gardamar madatsai ba, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa karya doka ba. Kifin kogin nan gaba ɗaya ta tarkon nan yake bi, in maganar tsofaffi gaskiya ce, duka za su ji hannunsa.

Dewey yana kallonsa daga ƙasa. Shi ma ɗan dogon zaure ne. "A'a," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Bari. Ja baya. Ɗaga ni."

Orval ya fizgo tiyo ya jefa a bahon, ya buɗe famfo har ƙarshe don sabon ruwa ya tsinka maganin, ya cire toshiyar ƙasa. Sa'an nan ya tallabo Dewey ya tsayar da shi a kan gwiwoyi. Dewey ya tura hannun hagu cikin ruwa ya kamo wutsiya. Da hannu ɗaya ba ta ɗaguwa. Ya gwada, ta sulluɓe. Ya sake gwadawa, ya yi ƙara saboda kafaɗar. A ƙarshe ya haƙura da ɗagawa, ya juya ta a cikin bahon, ya saita bakinta da bakin tiyo. Nauyinsa na rinjayarsa gaba, sai Orval ya kama shi ta ɗamara da hannu biyu, ya kafa ƙafa.

Haka Corinne ta dawo ta same su: dattijo riƙe da dattijo, dattijon riƙe da kifi.

Ta yar da sandar, ta ɗauke kifin ta kai kwami, ta riƙe ta a bakin ruwa. Ta daɗe a sunkuye, tana kai ta gaba tana dawo da ita. Orval na kallon kumatun. Ya san sun tsaya tun kafin Corinne ta yarda.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta shimfiɗa kifin a allo, ta ciri ɓawo, ta ce wa Orval ya rubuta cewa ta mutu a hannunsu. Ya rubuta. Daga nan ta je ta ɗage ƙofar keji, ta bar ta a buɗe. Sauran kifin suka yi ta wucewa, ba awo, ba lissafi.

"Har yaushe?" Orval ya tambaya.

"Har in sami hannu huɗu. Yanzu nawa biyu ne kaɗai." Ta goge fuska da hannun riga. "Kai shi asibiti, Baba."

A cikin a-kori-kurar Orval, Dewey ya jingina kai da gilashi, ya yi fari fat. Duk ramin da suka faɗa sai ya zagi hanya da wanda ya yi ta.

"Farfesa."

"Na'am."

"Laifina ne. Ta ce a dakata."

"Laifinka ne."

"Haba! Ko ɗan musu ba za ka yi min ba?"

"Faɗuwar taka ce. Sauran nawa ne."

Da suka wuce gonakin tuffa, Dewey ya juyo. "Da ka ɗauka," ya ce, "da ban gaya wa kowa ba."

"Kai? Da kafin mu iso asibiti mai gadi ya ji."

Dewey ya fara dariya, kafaɗar ta katse shi. "Ka san abin da ke ba ni haushi da kai? Ba dokar ce ta riƙe ka ba. Dokar ta sake ka tun Agusta. Kai ka riƙe ta, don kar dangin Marlys irin su matar Elwood su sami mayafi."

"Matar Elwood ba ta taka gidana ba ko sau ɗaya."

"To sai me? Marlys za ta yafa shi ne?"

Orval ya ƙara wuta, ya shiga rami na gaba da gangan.

Washegari farantin ɓawon kifin da ta mutu ya iso teburinsa. Corinne ce ta ciri ɓawon, saboda haka daga inda ya dace ne, tsakiyarsa cike. Ya bi zobban daga ciki. Shekara biyu a kogi. Teku, sanyi, teku, sanyi. Sai ya ga wani tabo ya zagaye ɓawon, gefen ya cinye kamar an gatsa, bayansa kuma sababbin zobba faffaɗa sun ci gaba. Ya gyara madubin ya sake dubawa, ko da yake ba ya bukata.

Salmon in ya zuba ƙwai mutuwa yake yi. Stilhed takan iya rayuwa, ta juya ta koma teku, amma a ce ta bi ta kan madatsan nan a rame ta kai, ta murmure, ta sake haurowa, wannan a duk shekarun aikinsa bai ga fiye da abin da zai ƙirga da yatsu ba. Tabon nan kuwa shaida ce cewa wannan ta yi. Ta zo, ta zuba, ta koma, ta sake ƙetare komai da komai, har ta iso bahon da ke gabansa.

Ya rubuta shekarunta a gurbin da aka tanada. Akwai wani ɗan gurbi na ƙarin bayani, ya sa alamar da ake sawa. Ta taga, ƙofar keji na nan a ɗage, babu kowa a wurin. Ya kashe fitilar madubin ya ɗauki makullin mota.

Kifin da ya mutu a tarko tsofaffi ake kai wa, don haka bai yi mamaki ba da ya sami Lavina a bayan gidanta, a gaban tebur, da wuƙa a hannu. Ta riga ta tsaga ta, ta zare ƙashin baya, tana yanka jan naman falle-falle don shanya. Ƙwan yana cikin kwano a gefe, cike.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Yawwa. Ka zo ganin gawa ne?" Ba ta ɗago ba. "Zauna can, kar ka matso. Akwai soyayyen burodi a rufe. Kifin nan dai ba rabonka ba ne."

Ya zauna a kan wani juyayyen bokiti. Bai taɓa burodin ba.

"An ce ka tsaya a kanta kamar gunki."

"Wa ya ce?"

"Mai kafaɗa. Ya bugo min waya yana maye da maganin asibiti, har kuka ya yi." Ta juya naman. "Da ka taɓa ta, da ban sake yi maka magana ba. Da ka zo tun lokacin da na ce, da tana can saman kogi tana haƙa ramin ƙwai. Zaɓi wanda za ka ji."

"Na ji duka."

"To madalla. Ashe karatun bai toshe kunnen ba."

Ya dubi kwanon ƙwan, ya kau da kai. "Ki sa rana."

"Rana tana nan a ajiye, har ta fara tsami. Asabar ta sama. Na riga na gaya wa masu girki su zauna da shiri, sau biyu ina ba su haƙuri."

"Da sharaɗi ɗaya."

Sai a lokacin ta ɗago. Idanunta irin na Marlys ne, abin da ya sa ba ya son kallonsu.

"Waɗanda ba su zo ba tana kwance," ya ce, "ba za su karɓi komai daga hannuna ba. Ki ba su da kanki in kina so."

"Babu wannan."

"Yaya, ke kin san abin da—"

"Na sani. Ni ma sai da ƙafafunta suka kumbura na fara zuwa, kana so ka faɗa, faɗi. Tsoro nake ji. Ƙanwata ce, ni na goya ta. Kana tsammani kai kaɗai ke kwana da abin?" Ta soka wuƙar a katako. "Amma ba kai ke zaɓa ba, ba kuma ni ba. Za a kira suna, ka ɗauka, ka miƙa da hannunka. Matar Elwood za ta zo ta yi kuka ta jiƙa maka riga, ka tsaya. Ba lada ake raba musu ba. Kaya ake fitarwa daga gidanka."

"Har keken ɗinkin?"

"Har allura."

Wani kare ya zagayo yana shinshina, Lavina ta kore shi da ƙafa.

"Matar Elwood za ta sayar da mayafin," in ji Orval. "Kafin wata ya ƙare za ki gan shi a kanti."

"Wataƙila. In ka gani sai ka saya, ka yafa."

Ya yi wani sauti ta hanci wanda a wurinsa dariya ce.

"Corinne fa?" in ji Lavina. "Ta ba wani wurin?"

"Ban sani ba. Zan gaya mata Asabar ta sama. In ta jira, ta jira."

"Za ta jira. Wa zai zo ya tsaya cikin ruwan sanyi da wannan mahaukacin ɗan kawun naka?" Ta wanke hannu a bokiti, ta goge a zaninta, ta shiga ɗaki. Ya ji tana jan akwatuna tana mita. Ta fito da igiyar awo ta tela a wuya da fensir a bayan kunne.

"Tashi. Yadin rigarka yana nan tun bara, ban yanka ba. Na ce wannan mutumin kafin ya yarda ya sauya kama." Ta zagaya bayansa, ta ɗora igiyar daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ta yi tsaki. "Ka ga irinta. Duk ka zube. Me kake ci a gidan nan, takarda?"

"Busasshen kifi, kamar yadda kuka ce."

"Mun ce ka ci busasshe, ba mu ce ka zama shi ba. Tsaya sosai. Miƙe hannun."

Ya miƙa.